Doyar Godiya Ta Tafi Djougou

Kakata Laraba ba ta ba da tatsuniya haka kawai. Duk yaron da ke son ji, sai ya fara faɗin abu ɗaya da yake gode wa Allah a kansa a wannan yini. Bayan tuwon dare takan gasa doya a murhun madafa, ta kankare ƙonuwar da bakin wuƙa, ta gutsuro ta miƙo maka, amma ba za ta saki ba sai ka yi magana. In ka ce ka gode da tuwo, sai ta ce jiya ma tuwo ka ce, ko Allah bai san komai naka ba sai ciki? Mukan yi ta dariya, mu yi ta lalube a ka. Ƙanena ya taɓa gode wa Allah saboda kunama ta harbi ɗan maƙwabta ba shi ba, Kaka ta ce wannan godiyar tana da ƙaya, ya je ya sake wata.

Gidanmu yana Albarika, a Parakou, lokacin unguwar tana bakin gari, gonaki na leƙo mu ta bayan danga. Shekarun farko ne bayan Faransawa sun miƙa mulki, ƙasar tana amsa sunan Dahome. Mu Hausawa ne, kuma Kirista, abin da ke ɗaure wa baƙi kai har yau. Kakana magini ne daga ƙasar Zazzau, ya yi ta bin aikin gini har ya tsaya inda layin dogo ya tsaya, a nan ya mutu. Maƙwabtanmu duka Musulmi ne, dillalan shanu da mahauta. Da Babbar Sallah naman layya ya fi ƙarfin tukwanenmu, da Kirsimeti kuma ni ce mai yawon kai shinkafa gida gida har wuyana ya ƙage.

Babana Yusufu direba ne. Yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Parakou da ƙauyukan Djougou, yana ɗauko doya da man kaɗe. Shi ne ɗan farin Kaka, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, irin kunyar iyayen da. Mai Mota take ce masa. Ko a addu'a haka take faɗa, "Ya Uba, ka kiyaye Mai Mota," har nakan yi tunanin ko Allah yana gane wanda take nufi, tunda masu mota da yawa.

Ina shekara goma sha ɗaya, a tsakiyar damina, Baba ya tafi Partago, wani ƙauyen Djougou, ɗauko sabuwar doya bai dawo ba. Kwana biyu muna kallon hanya. A rana ta uku maƙwabcinmu Malam Garba, dillalin shanu, ya yi sallama riƙe da hular Baba. Motar ta zame a wani kwalbati bayan ruwa, ta kwanta. Wasu masu shanu da ke komawa daga kasuwa suka tarar da shi da sauran numfashi. Ya yi musu Hausa, ya roƙi ruwa suka ba shi, ya ce sunansa Yusufu, yana ta kiran Allah. Kafin su shiga Djougou da shi ya cika. To, Bahaushe ne, sunansa Yusufu, bakinsa na kiran Allah, wa zai tsaya tambaya? Wani tsohon mahauci na zangon Djougou, Malam Idi, ya karɓe shi. Aka yi masa wanka, aka yi masa sallah, kafin la'asar yana kwance a maƙabartar Musulmi.

Baffa Bulus, ƙanen Baba, akawu ne a tashar jirgin ƙasa. Ya yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransawa, kuma in ransa ya ɓaci Faransanci ke riga Hausa fitowa. Ya ce wansa da aka yi wa baftisma ba zai kwanta a inda ba a rera masa ko waƙa ɗaya ba, dole ya dawo kusa da mahaifinsu. Ya yi ta zirga-zirga wurin jandarma, 'yan sandan ƙasar, har ya samo takarda mai hatimi da ta ba shi izinin tono gawar. Ya sa kafinta ya haɗa akwati. Aka kawo shi aka jingine a zaure, duk mai shiga gidan sai ya raɓa shi, ƙanshin sabon katako ya cika ko'ina.

Daga ranar unguwa ta yi mana tsit. Matan da ke shigowa ɗiban wuta da safe suka koma wani gidan. Malam Garba ya zo roƙon a bar kabarin, Baffa ko tabarma bai shimfiɗa masa ba. Labari ya iso mana cewa samarin zangon Djougou sun ce duk wanda zai sa diga a kabarin da suka yi wa sallah, sai dai ya fara da su. Mama tana ɗaki ba ta fitowa. Ni kuwa ina bayan Baffa ɗari bisa ɗari. Na tsani mutanen da ban taɓa gani ba. A ganina sun ƙwace mini uba, sun rufe shi kafin in ga fuskarsa.

Daren da za a wayi gari a tafi, ana yayyafi, sai ga Kaka ta hura wuta a madafa ta kira mu, kamar babu akwati a zaure. Baffa yana zaune a bakin ƙofa yana ɗaura wa diga sabuwar ƙota, yana bubbugawa. Ƙannena biyu suka karɓi doyarsu, ɗaya ya gode da ruwan sama, ɗaya ya gode da Mama ta sha kunu yau. Hannun Kaka ya iso gabana.

Na ce, "Ba ni da abin godiya."

Bugun Baffa ya tsaya. Na jira faɗa, don a gidanmu ba a taɓa faɗin haka ba. Kaka ta dube ni ta cikin hayaƙi, ta ajiye gutsuren a kan dutsen murhu.

"To, ƙawata," ta ce, "zai jira ki."

Sai ta gyara zama ta ce ga tatsuniya nan tafe, a ba ta hanya. Ƙannena suka amsa ta shigo mu ji ta. Ni ban amsa ba, amma ban tashi ba.

Wai an yi wasu marayu biyu, Tanko da ƙanwarsa Delu. Uwarsu ba ta bar musu komai ba sai kan doya guda biyu na iri, wanda ta gada daga tata uwar. Yunwa ta kore su daga garinsu, suka ƙulle irin a tsumma suka kama hanya. Wajen ƙetare wani rafi ƙullin ya kwance, irin ya faɗi ba su sani ba, sai da suka yi tafiyar kwanaki. Wani manomi na wata ƙabila, wanda ba ya jin yarensu su ma ba sa jin nasa, ya tsinci irin yana shan rana a kan yashi. Ya duba gabas ya duba yamma bai ga mai shi ba. Irin doya kuwa ba ya jiran mai shi, in ya kwana a rana ya lalace. Sai ya kai gonarsa ya tada tudu biyu cikin nasa, ya binne, ya ɗora wa kowanne hular ciyawa yadda mutanen ƙasarsu ke yi.

Da marayun suka biyo sawu suka gano wurin, iri ya riga ya tsiro. Tanko ya fusata. Ya ce su a garinsu ba haka ake shuka doya ba, wa ya aiki wannan mutum, kayan uwarsa ne kuma sai ya tafi da abinsa. Manomin yana ta magana da hannu, Tanko bai saurara ba. Ya tura hannu cikin tudun ya jawo. Abin da ya fito ruɓaɓɓen abu ne mai wari, don irin ya riga ya ba da kansa ga tsiron, tsiron kuma ya karye a hannunsa.

A nan Kaka ta tsaya, ta shiga tura itace cikin wuta. Ƙanena ya tambaya, Delu fa? Ta ce ita ma ba ta sani ba tukuna, sauran labarin yana Djougou. Tun da nake ban taɓa jin Kaka ta bar tatsuniya ba wutsiya ba, kuma hakan ya fi ba ni tsoro a kan akwatin.

Baffa ya ajiye digar.

"Inna, ɗan'uwana ba doya ba ne."

"Na sani, Bulus. Ni na haife shi."

Ya ce to yaya za ta yarda a bar shi can, ba fasto, ba waƙa, ba ko alama? Me za a faɗa a majami'a? Ta ce masa Wanda zai tashe shi a ranar ƙarshe ba ya bukatar a nuna masa hanyar kabari. Ta ce ba za ta hana shi tafiya ba, ɗan'uwansa ne, amma da ita za a je, da ni kuma, tunda ni ce babba a 'ya'yan mamacin. Baffa ya ce hanya ba ta tsofaffi ba ce, kuma ba a san abin da za a tarar ba. Ta ce saboda haka ma za ta je. Da za ta tashi na ga ta ɗauki gutsuren doyata daga kan dutse ta ƙulle a bakin zanenta.

Akwai kwando a ɗakin Kaka mai doya bakwai, manya, waɗanda Baba ya zaɓo a tafiyarsa ta baya. Kowace shekara haka yake yi, doyar farko ba a ci, sai an kai majami'a ranar bikin godiya. Da asuba na ga Kaka ta sa an fito da kwandon. Baffa ya ce wannan ai kayan Allah ne. Ta ce shi ya aike ta da su.

Tafiyar ta cinye mana rabin yini. Hanyar jan ƙasa ce, ruwa ya farfashe ta, akwatin yana ɗaure a bayan motar yana ƙwanƙwasa a kowane rami. Baffa yana gaba da takardarsa a aljihun ƙirji, yana taɓa ta lokaci lokaci. Maza biyu daga majami'armu suna zaune kan diga da shebur. Kaka kaɗai ke motsa baki, tana rera wata 'yar waƙa tata da takan yi in tana tankaɗe. Haushinta ya kama ni. Na ce a raina tsohuwar nan ba ta son ɗanta, shi ya sa ko sunansa ba ta iya faɗa.

Labarinmu ya riga mu isa. Da motar ta tsaya a bakin zango, maza sun cika ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, samari a gaba, wasu da sanduna irin na masu kiwo. Idanunsu duka a kan akwatin. Baffa ya sauko ya zaro takarda ya fara karantawa da Faransanci, wani saurayi ya amsa masa da Faransancin da ya fi nasa zafi. Ban ga lokacin da Kaka ta sauko ba, sai ji na yi ta ce in ɗauko kwando. Ta ratsa tsakanin Baffa da samarin, da sandarta da ɗingishinta, ta tambaya wane ne Malam Idi.

Wani tsoho siriri ya fito daga bayan taron. Kaka, wadda ta girme shi, ta durƙusa har ƙasa a cikin taɓo.

"Malam, ni ce uwar wanda ka wanke. Ɗana ya faɗi a hanya, ba uwa ba uba kusa, mutanenku suka ba shi ruwa, kai ka rufa masa asiri, ba ka bar shi ga ungulu ba. Na zo in gode wa Allah, in gode maka."

Ta sa na ajiye kwandon a gabansa. Tsohon ya tsuguna shi ma, ya ce don Allah ta tashi. Ya laluba aljihu ya fito da wani ɗan ƙulli, ya kwance. Ƙaramin gicciyen katako ne wanda Baba ke ratayawa a jikin makullin mota. Ya ce washegarin jana'iza matarsa ta same shi a aljihun rigar da za ta wanke, kuma tun daga ranar bai yi barcin kirki ba. Ya ce bai sani ba, da ya sani da ya aika Parakou ko da ƙafa ne. In sun zo ɗaukar ɗansu hakkinsu ne, shi da ya haƙa kabarin shi zai fara sa shebur, kuma ba yaron da zai ɗaga sanda yana raye.

Wani dattijo daga gefe ya ce akwai abin da Malam Idi bai faɗa ba. Ranar ba a sami farin yadi a kusa ba, ga rana tana tafiya. Likkafanin da ya tanada wa kansa, wanda yake ajiye a ƙasan adakarsa shekara da shekaru, shi ya ɗauko aka naɗe baƙon da shi. Malam Idi ya sunkuyar da kai kamar an tona masa wani laifi. Na dubi Baffa, takardar tana hannunsa har yanzu, amma ya daina karantawa.

Baffa ya ce a nuna masa kabarin. Ya ɗauki shebur da kansa.

Mata ba sa shiga maƙabartarsu, don haka ni da Kaka muka tsaya a bakin shingen aduwa, maza suka wuce ciki. Daga inda muke ina hango su, Malam Idi a gaba, Baffa na biye, samarin a baya sun bar sandunansu amma ba su bar kallonsa ba. Suka tsaya a kan wani sabon tudu. Baffa ya daɗe a tsaye. Sai na ga ya ɗaga shebur ya caka a ƙasa, na riƙe zanen Kaka. Ya ɗebo ƙasa. Amma daga gefe ya ɗebo, ya zuba a kan kabarin, wajen da ruwan kwanakin nan ya zaizaye. Ya sake ɗebowa ya zuba. Wani saurayi ya tafi mota ya ɗauko digar, ya shiga sassara masa ƙasa.

A nan Kaka ta ɗaga hannuwanta biyu. Hawaye na bin kuncinta, amma wallahi fuskarta dariya take yi, irin wadda take yi ranar da aka yi haihuwa a gida.

"Yusufu," ta ce. "Yusufu ɗana. Sunan da na kasa faɗa shi ya samo maka masu wanka. Na gode, ya Yesu, ba ka bar shi shi kaɗai ba."

Wannan ne karo na farko da na ji sunan Baba a bakinta, kuma ban sake ji ba. Ta ɗaga murya ta kama waƙar nan tata ta tankaɗe, wadda ba ta wuce godiya ga Mai ba da ruwa da Mai ba da rai ba. Mutanen majami'armu biyu suka amsa daga cikin maƙabartar, Baffa yana amsawa yana zuba ƙasa. Musulmin suka tsaya shiru har aka gama, ba wanda ya hana. Ashe Baba ya sami waƙarsa.

Kukan da na riƙe kwana da kwanaki ya ɓalle. Da ya lafa na ce wa Kaka, da murya ƙasa ƙasa, na gode Allah da Baba ya sha ruwa kafin ya tafi. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini gutsuren doyar jiya. Ta yi sanyi, ta yi tauri, ga toka a jiki. Na cinye ta tas.

Akwatin ya biyo mu Parakou yadda ya je. Kaka ta hana a mayar wa kafinta, ta sa aka shigar mata da shi ɗaki tana zuba dawa a ciki, wai ɓera ba ya iya huda shi. Baƙi kan tsorata in sun leƙa, ita kuwa ta ce ai abin godiya ne mutum ya san ɗakinsa tun kafin ya tare. Shekara tara bayan haka a cikinsa aka sa ta. Matan unguwa sun dawo ɗiban wuta tun a makon da muka dawo, ba wanda ya tada zancen.

Daren farko da muka sake zama a madafa ƙanena ya tuna wa Kaka da Delu. Ta ce au, Delu ai ta tsuguna ta gaida manomin, ta roƙi ya bar ta ta riƙa zuwa ganin tudunta, da kaka ta yi suka raba doyar, jikokinsu har yau suna shuka irin. Ta ce ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone a toka, kowa ya je ya kwanta. Ƙanena ya ce wannan ƙarshen bai da daɗi, ba dodo ba komai.

Na daɗe ina ɗauka Kaka mace ce mai taurin zuciya, ko kuma mai saurin mantuwa. Sai da na binne nawa ɗan na gane ba haka ba ne. Zafin yana nan a jikinta kamar na kowa. Ita dai ta yarda da gaske cewa ɗanta yana hannun Yesu ko a wace ƙasa aka sa shi, kuma wannan ya bar mata ido a buɗe har ta ga abin da mu ba mu gani ba, wato tsohon da ya tuɓe likkafaninsa ya ba baƙo. Ta saba neman abin godiya kowane dare a kan ƙananan abubuwa, shi ya sa ranar da babban abu ya zo hannunta bai lalube a banza ba.

Yanzu ni ce mai ɗingishi da sanda. Duk shekara in sabuwar doya ta fito ina kai bakwai majami'a, in kai bakwai Djougou gidan jikokin Malam Idi. Daga nan wani cikinsu ya raka ni bakin shingen maƙabarta. Kaburburansu ba su da suna, ƙasa ta daɗe da shafe tudun, ba wanda ya san takamaiman wurin kuma. Malam Idi ma yana ciki, an ce ba nisa da Baba. Nakan tsaya in gode a kan wurin duka.